Wa Ke Taɓa Mini Gwamna?

A cikin ma'aikatan da ke kula da filin wasan kwalejin nan, mutum ɗaya ne kaɗai ke aiki a zaune. Sauran duk a tsaye suke wuni, wannan da almakashin shinge, wancan da tiyo, wani da injin goyo na yankan ciyawa yana bin gefen katanga. Shi kuwa Maikunne, da safe sai ya buɗe sito, ya goge kujerar motar yankan ciyawa da hannun rigarsa, ya haye, ya murza makulli. 'Yar ƙaramar mota ce ja, da sitiyari da wuƙaƙe biyu a ƙarƙashin cikinta, ko rabin tasi ba ta kai ba. Amma in ka gan shi a kai yana wani ɗaga kafaɗa, sai ka rantse jirgi aka ba shi.

Sunan ma a wajen inji ya samo shi. Tun yana saurayi, in inji na aiki sai ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, ya ce fulogi ne, ko ya ce kafireta ta sha datti, a buɗe kuma a tarar haka ɗin ne. Bai taɓa yarda da na'urar awo ba. Cewa yake an ƙera ta ne don waɗanda Allah bai ba kunne ba.

To, abin da ya hana shi sakat a bana shi ne Manaja. Mace ce, ba ta da hayaniya, ba ta kuma da wasa. Zuwanta ke da wuya ta karɓe makullin tankar ruwa daga hannun wani dattijo don idonsa ya yi rauni, ta miƙa masa tsintsiya. Shi ma Maikunne ta tsare shi rannan a bakin sito, ta ce, "Baba, ka ga ɗalibai na ratsa filin nan, motarka kuma wuƙa gare ta. Ranar da kai ko ita wani ya fara ba ni ciwon kai, makullin nan zai koma hannun wani." Ya ce ba komai, ranki ya daɗe. Amma komai ɗin akwai shi, don tun daga ranar ko banɗaki zai shiga sai ya taɓa aljihu ya ji makullin na nan.

Ana cikin damina, ciyawa na tsiro kamar ana jan ta da hannu, sai motar ta fara iya shege. Injin ya hau, ya sauka, ya hau, ya sauka, kamar mai haki, har kujera na rawa da shi. Wannan kam bai tayar wa Maikunne da hankali ba. Ya tura ta inuwa, ya shimfiɗa tsumma, ya kwance kofin kafireta. Ga ruwa kwance a ƙarƙashin fetur, ga wani datti ja kamar tsatsa. Ya zare jet, ɗan bututun da fetur ke bi, ya ɗaga shi saitin rana, ramin a toshe. Ya zaro silin waya ɗaya ya sosa shi a hankali, ya hura, ya wanke da fetur mai tsabta, ya mayar. Hakin ya tsaya cak.

Amma sai wani abin ya ɓullo. Ya tura totur har ƙarshe, muryar injin ta ƙi fitowa. Can ƙasa yake jin ta, a dushe, kamar an rufe shi da bargo. Ya karkata kai, ya lumshe ido. A'a, wannan ba muryar motarsa ba ce. Ya bi wayar totur daga hannu har jikin kafireta, ba ta saki ba, tana kai wa inda ya kamata ta kai. Ya duba cok mai rage wa inji iska, a buɗe yake. Ya wanke abin tace iska, ya sa sabon fulogi. Duk a banza, injin na nan yana magana ciki-ciki. Saura abu ɗaya kenan, gwamna.

Ga wanda bai sani ba, gwamnan inji ba mai jiniya ba ne. Wani ɗan hannun ƙarfe ne a gefen injin, da 'yan ramuka a jere, da ɗan sifirin maƙale a ɗaya daga ciki. Shi ke riƙe gudun inji, in ciyawa ta yi kauri ya ƙara wuta, in ta yi sauƙi ya rage. Ka matsa da sifirin ɗin ramin gaba, inji ya ƙara gudu. Na Maikunne a ramin tsakiya yake tun ranar da aka sayo motar. Ya ce wa kansa sifirin ya tsufa ne ya saki, ya sa filaya ya matsar da shi gaba. Da ya tayar, ya ji ɗan dama-dama. Ya yi aikinsa ya tashi.

Kashegari ya hau, ya murza, ya tura totur. Muryar nan ta bargo ta dawo. Ya sauko ya ɗaga murfi. Sifirin na zaune a ramin tsakiya abinsa, kamar ba a taɓa taɓa shi ba.

Ya tsaya yana kallonsa, hannu a ƙugu. Sifirin kan tsinke, kan fita ya faɗi ƙasa. Amma ya fita daga rami, ya yi tattaki ya koma wani ramin, ya maƙale kansa daidai? Ina! Wannan aikin mai yatsu ne. Ya sake matsar da shi. Da gari ya waye ya sake tarar da shi a tsakiya. Nan fa ya gane lissafin. In mota ba ta da ƙarfi, fili ba zai gamu a kan lokaci ba. In fili bai gamu ba, Manaja za ta ce tsoho ya gaza. Wani ne ke haƙa masa rami, kuma makullin sito uku ne kawai: nasa, na Manaja, da na Auta.

Auta ƙanin matarsa ne. Ya haura arba'in, da 'ya'yansa har da mai shirin aure, amma autan gidansu ne, sunan kuma ya bi shi har wurin aiki. Maikunne ne da kansa ya kawo shi, ya tsaya masa, ya koya masa riƙon injin goyo. Shekara da shekaru suna tsokanar juna. Auta ya ce, "Yaya, yaushe za ka ba ni kujerar nan in ɗana? Ka cinye ta da zama." Maikunne ya ce, "Sai ka biya ni abincin da ka ci a gidana." A yi dariya a watse. Yanzu da ya zauna ya tuno maganar, sai ya ji ba ta da daɗin dariya ko kaɗan. Ashe da gaske yaron nan yake, shi ne yake ta wangale baki kamar wawa?

Da mutum ya fara zargi, komai sai ya zame masa shaida. Ya lura ma'aikata sun koyi wata sabuwar ɗabi'a ta ƙus-ƙus. Lokacin hutu, a da in an zauna gindin bishiya hira ake da ƙarfi, yanzu sai ya ga bakuna na motsi, ana dariya, shi ba ya kama komai. In ya ce, "Me kuke cewa?" sai su dubi juna, wani ya ce, "Ba komai, Baba." Ba komai! Ya hangi Auta tsaye da Manaja a bakin ofis, tana nuna fili da hannu, shi yana gyaɗa kai. Ya ga Auta na zagaya motar, yana leƙen ƙarƙashinta, wai yana cire ciyawar da ta naɗe.

Abin har gida. Rannan ya dawo ya tarar da Auta a kicin da yayarsa, kai a haɗe, suna ganinsa suka yi tsit. Da Auta ya tafi, matar ta kawo masa abinci ta ce wani abu.

"Ke ma kin koyi cin magana ko?" in ji shi. "Buɗe baki ki yi magana mana."

Ta ɗaga murya. "Cewa na yi, ya kamata ka je asibiti a duba ka. Kuma aikin motar nan, ba ka ganin ka ɗan huta?"

Ya ajiye cokali. To, ga ta nan, ta fito. "In huta, ƙaninki ya hau, ko ba haka ba? Shi ya aiko ki?"

"Wane irin aike? Ni da nake wuni ina ihu a gidan nan kamar mai talla..."

"Lafiyata lau. Ki gaya masa na gode."

Ya ture kwanon ya tashi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don kujerar kaɗai ba. Matar da suka tsufa tare, yau ita ce ake haɗa baki da ita a kicin ɗinsa.

Maikunne ba mai kama mutum da baki ba ne, ya fi son ya kama hannu. Da yamma ya matsar da sifirin, ya rufe murfin inji, ya ɗora silin ciyawa ɗaya a bakin murfin inda ba mai lura. Da safe silin na ƙasa, sifirin na tsakiya. Shi ke nan. Kashegari ya riga kowa zuwa, rana ko gama fitowa ba ta yi ba, ya shiga sito, ya ja ƙofar, ya laɓe bayan buhunan taki. Warin takin ya cika masa hanci, gwiwoyinsa na ciwo, sauro na cin rabonsa, amma ya daure.

Bai ji buɗe ƙofa ba, haske kawai ya gani ya faɗo a ƙasa. Auta ne. Ya ajiye jakarsa, ya waiga, ya nufi motar kai tsaye. Ya ɗaga murfi, ya zaro 'yar filaya daga aljihu, ya cire sifirin ya mayar ramin tsakiya, da ganin hannun ka san ya saba. Har ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba, ya taɓa salansa, ya girgiza kai.

Maikunne ya fito ya damƙe masa wuyan hannu, filayar na ciki.

"Sannu da aiki, injiniya."

Auta ya zabura har ya buge kai da murfin. "Yaya!"

"Yayan uban wa? Ni na kawo ka wurin nan. A gidana ka ci, a gidana ka sha. Abin da za ka saka mini da shi kenan?"

"Yaya, wallahi ba haka ba ne. Injin kuka yake, zai..."

"Ɗaga murya, munafuki!"

"Na ce injin kuka yake! Gudun ya yi masa yawa!"

Maikunne ya yi wata dariya mara daɗi. "Kuka. Ni za ka koya wa kukan inji? Lokacin da nake sauraren inji kana yawo ba wando."

Auta ya waiga ƙofa, don sauran ma'aikata sun fara isowa suna leƙe. Ya matso kusa ya ce, "Don Allah mu je gida mu yi maganar nan, ni da kai da yayata. Ba a nan ba."

"A nan ka yi, a nan za a yi ta. Wuce mu je ofis."

Ofishin Manaja ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, fanka, da kofunan gasa a jere kan kabad sun yi ƙura. Ta saurari Maikunne har ya gama, filayar na kan teburinta. Sannan ta juya ga Auta.

"Gaskiya ne kana taɓa injin?"

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"To don me?"

Auta ya dubi Maikunne, ya daɗe yana dubansa. Maikunne ya tsare shi da ido, yana jira ya ji ƙaryar da za a shirya. Auta ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da abin cewa. Ta sake tambaya, ya sake ba ta amsar nan. Ta ce ya ajiye makullin sito ya tafi gida sai ta neme shi, kuma kada ya sa rai sosai, don ba ta aiki da wanda ke lalata kayan aiki a ɓoye. Ta ce za ta kira bakanike ya duba ɓarnar da aka yi. Auta ya ajiye makullin, ya ɗauki jakarsa, ya fita.

Maikunne ya fito yana jin ya yi nasara, sai dai nasarar ɗaci gare ta. Ya huce haushinsa a kan gwamna. Ya kai sifirin ramin ƙarshe gaba ɗaya, ya ƙara da lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke riƙe ɗaya bakin sifirin don ya ja sosai. Ya hau, ya tura totur. Yawwa! Yanzu ya ji ta. Sitiyari na kaɗawa a tafin hannunsa, kujera na zir-zir har cikin haƙoransa. Ya shiga fili, ciyawa na tashi a gefe kamar ruwa. Ya ga mai tiyo ya saki tiyo ya toshe kunne, ya ga ana rufe tagogin azuzuwa. Ya ce a ransa 'yan koren Auta ne, su mutu da baƙin ciki.

Ya kai ƙarshen fili zai juyo kenan, sai ga hannu ta bayan kafaɗarsa, aka murɗe makulli. Motar ta mutu. Ya waiga a fusace, sai ya ga bakaniken da Manaja ta kira, tsohon saninsa ne, tare suka yi samartaka a gareji ɗaya. Mutumin na haki, akwatin kayan aikinsa yashe can tsakiyar fili. Wani wari na baƙin mai da ya ƙone ya taso daga ƙarƙashin murfi.

Bakaniken na ta magana yana yarfa hannu.

"Kai ma ka shiga ƙungiyar masu cin magana?" in ji Maikunne.

Bakaniken ya dube shi. Sannan ya sunkuyo, ya kawo baki daf da kunnensa.

"Na ce tun daga bakin titi nake jin ihun injin nan! Kashe shi za ka yi? Saura kaɗan ya buga!" Ya ɗaga murfi da tsumma, don ba ya taɓuwa. "Wa ya kai sifirin nan? Dubi salansa, ta tsage tun daga wuya. Ko babur mara salansa bai kai wannan ƙara ba. Ba ka ji ba?"

Maikunne ya leƙa. Tsagar na nan, baƙa, yatsa zai shiga. Salansa ta fashe a ƙarƙashinsa, shi Maikunne, bai sani ba.

"Muryarsa ce ta dushe," ya ce, amma a sanyaye. "Shi ya sa na..."

"Muryarsa lafiya lau! Ramin tsakiya shi ne daidai. Surukinka ya zo har gareji kwanaki ya tambaye ni, na gaya masa. Ya ce kunnenka ne ya yi nauyi, kana ƙara wa inji wuta ba ka sani ba, shi kuma yana mayarwa kafin ka zo. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, wai in matar nan ta ji za ta sauke ka." Ya goge gumi. "Yanzu ma tun daga tsakiyar fili nake bin ka ina ƙwala maka kira har maƙogwarona ya bushe. Da wani ɗalibi ne ya biyo ƙwallo ta bayanka fa?"

Maikunne na zaune a kujerar, hannu a sitiyari. Can gefe mai almakashi na datsa shinge, yana ganin ƙarfen na buɗewa yana rufewa, ba ya jin komai. Ashe ba wanda ke masa ƙus-ƙus. Mutane maganarsu suke yi yadda suka saba. Tsoro ya fara kama shi, sannan kunya ta zo ta danne tsoron. Ya tuna yadda Auta ya dube shi a ofis. Kalma ɗaya ce za ta wanke yaron, tana bakinsa, ya haɗiye ta ya ajiye makullinsa.

Sai ga Manaja ta ratso fili, tana ɗaga ƙafa saboda jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ta tsaya ta tambayi bakaniken wani abu. Bakaniken ya saci kallon Maikunne, ya shafa ƙeya, ya fara magana yana murmushi, yana nuna sifirin da salansa, yana kaɗa hannu alamar ƙaramin abu ne. Maikunne bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya san abokinsa, rufa masa asiri yake. In ya yi shiru, an gyara salansa, an mayar da sifirin, gobe ya hau kujerarsa. Auta kuma ya zauna a gida da sunan maɓarnaci.

Ya daɗe yana kallon makullin a jikin motar. Wallahi bai so ba, ko kaɗan bai so ba. Ya zare shi, ya sauko.

"Ranki ya daɗe," ya katse su, da ƙarfin da ya sa ta ɗan ja baya. "Yaron nan bai lalata komai ba, gyarawa yake. Ni ke lalatawa. Injin lafiyarsa lau, kunnena ne ya tafi." Ya miƙa mata makullin. "A kira shi ya dawo. Ya iya tuƙa ta, in an bi ta a hankali."

Ta dubi makullin, ta dube shi. Ta karɓa. Bakinta ya motsa.

Ya ji tsohuwar amsarsa ta taso masa, wadda yake ba kowa cewa ana cin magana, ya danne ta. Ya karkata kai ya matso.

"Ɗaga murya, ranki ya daɗe. Ban ji ba."

"Na ce, tun yaushe, Baba?"

Ya buɗe baki, sai ya tarar bai sani ba. Idonsa ya ciko, ya kawar da kai wajen ƙofar kwalejin da Auta ya bi ya fita.

"Sai dai ki tambaye shi," ya ce. "Shi ya sani."